Ranar da Aka Tambaye Ni 'Ya'yana Nawa

Shekarata ta farko a Kuala Lumpur ban ga komai ba sai tagar ɗakinmu. Can ƙololuwar wani bene muke, wanda ɗalibai baƙi suka cika. Malam, maigidana, ya fita jami'a tun da safe, ni da Walid a goye mu wuni muna kallon ruwa. Ruwan garin nan ba ya sallama, kina gama shanya zai sauko, kina kwashewa rana ta buɗe tana miki dariya. Na yi kewar daddawa, na yi kewar hayaniyar layinmu, har kiran mai gyaran takalmi na yi kewa. Amma duk waɗannan wasa ne. Abin da ke cin raina shi ne 'yata ta fari da na baro a Kano.

Tun da aka kai ta yaye gidan Hajiya, mahaifiyar Malam, ba ta dawo ba. Sunan Hajiyar aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi. Ni kuwa ko Ummin ban taɓa faɗa da bakina ba. Haka na taso na ga ana yi, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a jan ta a jiki gaban manya, ba a nuna an damu da ita. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta ya taso in ce "yarinyar nan". Ita ma Anti take ce min, Hajiya ce Mamarta. Da za mu taho Malam ya ɗan taɓa maganar a kaikaice, Hajiya ta ce, "Ku ɗauki na goyen, wannan tawa ce." Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen.

Karatun da aka ce na shekara biyu ne ya yi ta haihuwa. Digiri na biyu ya zama na uku, aka haɗa wa Malam da koyarwa, na haifi Ikram a nan. Duk Hausawan garin Maman Walid suke ce min, da yawansu ba su ma san akwai wata a gabansa ba. Ni ma zama ya canza ni. Na koyi rungume yara a bakin makaranta kamar yadda matan ƙasar ke yi, in sumbaci Ikram gaban jama'a ko a jikina. Amma in aka kira gida, Hajiya ce ke riƙe da wayar, yarinyar ta leƙo ta bayan kafaɗarta ta ce, "Anti ina wuni." In ce, "Lafiya lau, ya karatu?" Shi ke nan hirar. In an kashe wayar sai in shige kicin in buɗe famfo don kada yara su ji ina kuka.

Da Malam ya kammala, yayansa, Yaya Sani, ɗan kasuwa ne a Kwari, ya ce gida kaf za a zo bikin. Hajiya da ƙanwarta Goggo, shi da iyalinsa, ƙanwar Malam da nata yaran, har da Ummi, wadda lokacin ta kai sha uku. Ya ce kuma ba bikin kawai ba, yana so a kai yara wurin wasan nan da ke saman dutse a bayan gari, wanda ake hawa cikin kwando mai tafiya a kan waya, a kwana can. Ni aka ɗora wa nemo ejan da zai shirya motoci da masauki da tikiti, tunda ni ce 'yar gari. Na karɓa hannu bibbiyu, domin ni da Malam muna da tamu a ƙasa. Mun shirya idan an je an dawo, rai ya yi fari, Yaya Sani zai roƙi Hajiya ta bar mana yarinyar ta yi karatu a nan. Na san in wannan zuwan ya wuce ban same ta ba, to sai dai in je bikinta a matsayin baƙuwa.

Ejan na farko ɗan gida ne, Bahaushe ɗan'uwana, wanda ake wa laƙabi da Na-Malesiya. Ofishinsa tebur ne a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, da wayoyi uku a jere gabansa. Ban gama zama ba ya sa aka kawo min shayi.

"Hajjaju, ki sa ranki a inuwa," in ji shi. "Manyan da na kai dutsen nan, in na faɗa miki sai kin riƙe baki. Mota mai sanyi, otal mai kallon gajimare, abinci halal. Ke dai ki je ki yi barcinki."

Na ba shi kafin alƙalami, na je na yi barcin. Wallahi har addu'a na yi masa a hanya, ina cewa na gida daban ne. Ranar da baƙi suka sauka na kira shi, wayoyin nan uku duk a kashe. Na koma gidan abincin, mai kawo shayi ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ni ce ta huɗu da ta zo nemansa. Malam ya ce, "Ai na gaya miki." Bai gaya min ba, shi ne ma ya ba ni lambar.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. A filin jirgi, da suka fito, sai da na nemi yarinyar na rasa, don ƙarama nake nema. Ashe ita ce doguwar da ke tura keken kayan Hajiya. Ta iso gabana ta durƙusa har ƙasa, a kan tayil ɗin nan mai ƙyalli, mutane na ratsa ta suna kallo. Hannuna har ya tafi da kansa. Sai na ga Hajiya da Yaya Sani a tsaye, na mayar da shi na gyara mayafi. Na ce, "Kun sha hanya. Tashi ki kama wa Hajiya jaka." A daidai lokacin Ikram ta rugo ta ɗane jikina tana zuba Turanci, na ɗauke ta ban ma sani ba. Na ga idon yarinyar ya bi hannuna da ke shafa kan Ikram, sannan ta sunkuya ta ɗauki jakar.

Wata tsohuwa da nake sayen shinkafar kwakwa a wurinta a Kampung Baru ce ta cece ni. Ta ga fuskata ta tambaye ni lafiya, na zayyana mata da gurgun Malayancina. Ta ƙara min ƙwai a kan shinkafar ba ta karɓi komai ba, ta kwatanta min ofishin 'yar ƙanwarta, Kak Zaiton, a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi. Da Hajiya ta ji an ce titin yadi ta ce ƙafarta ƙafata, mayafai take so. Inda Hajiya ta sa ƙafa kuwa Ummi na biye da jaka. Haka muka tafi mu uku.

Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani kantin atamfa, matakalarsa ma sai a karkace. Kak Zaiton gajeriyar mace ce mai tabarau, ta tashi ta kama hannun Hajiya da hannu biyu ta kai goshinta. Nan take Hajiya ta ce wannan 'yar mutunci ce. Na ba ta labarin Na-Malesiya, ta girgiza kai ta ce, "Boleh, za a iya, amma taron nan da yawa." Ta ce in dai ba so nake a yi ta ɓata a cikin jama'a ba, gida-gida za ta raba mu. Kowane gida da kalar awarwaron roba da za a ɗaura a hannu, da motarsa, da kwandonsa, da ɗakinsa. Tsofaffi kuma nasu daban, mai ruwan toka, na shiga wurin ne kawai, a zauna a sha iska, ba ya hawa lilo ko ɗaya.

Ta fara da gidan Yaya Sani na faɗa mata, ta bi da na ƙanwar Malam. Hajiya, da ba ta jin Turanci, ta ga ana lanƙwasa yatsu ta zungure ni.

"Me take ƙirgawa haka?"

"Yara ne, Hajiya."

"A'uzubillahi. Mutane ake ƙirgawa kamar awaki? Ki ce mata ta ce masha Allah."

Na faɗa mata, Kak Zaiton ta yi dariya ta ce masha Allah har sau biyu. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce da Turanci, "Ke fa, 'ya'yanki nawa?"

Hajiya na gefena, cinyarta na taɓa tawa. Yarinyar na tsaye bayan kujerar rungume da jaka. Tun da na haife ta ban taɓa buɗe baki gaban surukata na ce tawa ce ba. Bakina ya riga tunanina.

"Biyu," na ce. "Namiji da mace."

"Wannan fa?" Ta nuna ta da biro.

"Tare take da kakar."

"To, mai kula da ita ce ke nan," in ji Kak Zaiton, ta ci gaba da aikinta.

Sai da muka sauko titi abin ya dake ni. Kunyar wa na ji? Hajiya ba ta san me aka tambaya ba, da na ce goma ma ba za ta sani ba. Wadda ta ji tambayar ta ji amsar ita ce mai jakar, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a Turanci a ajinsu. Na saci kallonta, fuskarta ba ta nuna komai ba, tana ɗaga wa Hajiya mayafai tana cewa, "Mama wannan zai yi miki kyau." Na ce a raina ai ta san al'ada, a cikinta ta tashi. Na ce kuma gobe zan kira Kak Zaiton in gyara. Gobe ta zo da bikin Malam, jibi da girkin mutum ashirin, na yi ta ɗagawa har ranar tafiya ta zo.

A gindin dutsen, Kak Zaiton, wadda ta biyo mu da kanta, ta buɗe leda ta fara rabo. Gidan Yaya Sani ja, na ƙanwar Malam shuɗi, namu kore. Hajiya da Goggo mai ruwan toka. Na ga Ummi ta miƙa hannu an ɗaura mata irin na tsofaffin, ta juya shi tana dubawa. Ga Yaya Sani, ga matarsa, ga kowa a tsaye. Na bar abin a haka. Malam na can yana ɗaukar hoto, bai ma lura ba.

Muka shiga kwandonmu mu huɗu, ga kujeru nan a sake ba kowa. Abin ya ɗaga sama, daji ya koma ƙarƙashinmu, hazo ya fara shigowa ta kafar ƙofa. Walid da Ikram sai ihu suke suna nuna min bishiyoyi. Ni baya nake kallo. Kwandon su Hajiya ne ke bin namu, ina hango Hajiya ta rufe ido bakinta na motsi, Goggo ta dafe kai, yarinyar a tsakiyarsu ta riƙe hannun kowacce. Ita ma tsoro take ji, na gani a yadda ta ƙanƙame kafaɗunta. Ba wanda ya riƙe nata hannun, ita ce mai riƙewa.

Can sama sanyi ne kamar ba Malesiya ba. Aka zaunar da su Hajiya a wata rumfa da shayi, yara suka ɓalle da gudu. Hajiya ta ce, "Ummi tashi ki bi 'yan'uwanki, ni ba inda za ni." Ta tashi da saurinta, na ga murmushin da ban gani ba tun zuwansu. Suka shiga layin wani jirgin lilo mai gudu a kan dogo, ita ce a baya riƙe da hannun Ikram. Kowa ya miƙa hannu aka duba aka wuce da shi. Da aka zo kanta, saurayin da ke bakin ƙofar ya dubi awarwaron ya girgiza kai. Ta yi masa magana, ya sake girgiza kai ya nuna mata gefe. Ikram ta zare hannunta ta shige. Yarinyar ta ratso layin nan tana ba mutane haƙuri, ta dawo rumfa ta zauna kusa da Hajiya.

"Ya kika dawo?" in ji Hajiya.

"Jiri yake sa ni, Mama. Gara in zauna."

Ban san sanda na tashi ba. Na sami Kak Zaiton a bakin wurin sayar da tikiti, na fara kame-kame, wai an yi kuskure, wai yarinyar ma a ba ta na lilo. Ta cire tabarau ta dube ni da kyau.

"'Yarki ce, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun a ofis na ga goshinku ɗaya, na ce ko ƙanwarki ce. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ina zan fara yi mata bayani? Na ce al'adarmu ce, ta fari ba a nuna ta. Ta shiga ciki ta jima, ta fito da kore sabo, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta danƙa min a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai ta ce, "Ke za ki ɗaura mata, ba ni ba."

Na taho da shi a dunƙule, ina shirya abin da zan ce. Ina isowa na tarar rumfar ta cika, Yaya Sani ya dawo, matarsa na zuba shayi, Goggo na ba da labari. Na ja na tsaya. In ratsa yayan mijina da uwarsa in kama hannun 'yar fari in ɗaura mata abu? Sai ga Walid ya fito daga lilo yana haki. Na kira shi na ce, "Ungo, kai wa yayarku." Ya ruga ya jefa mata a cinya ya ce da Turanci, "In ji Momi," ya koma wasansa. Ta ɗauka ta duba, ta ɗago ta hango ni inda na maƙale jikin wani ginshiƙi. Ta ce daga nesa, "Na gode, Anti." Ta buɗe jakar Hajiya ta saka shi ciki. Har muka sauko washegari ba ta hau komai ba, kuma ba ta ɓata rai ba, wanda ya fi min ciwo. Da ta yi fushi da na sami bakin ba ta haƙuri.

Da muka dawo gida Yaya Sani ya cika alkawari. Bayan la'asar ya zauna gaban Hajiya a falo, ya yi doguwar shimfiɗa kan karatun ƙasar waje da amfanin yaro ya tashi da 'yan'uwansa. Ni ina kicin, na bar ƙofa a buɗe, wuƙa a hannuna ban yanka komai ba. Na zaci za a kai ruwa rana. Sai na ji Hajiya ta ce, "Ai ni na daɗe da sanin ranar nan za ta zo. Na tsufa, ba zan tare mata gaba ba. Na ba su. Amma a kira ta a ji ta bakinta." Wallahi saura kaɗan in yi guɗa.

Aka kira ta ta durƙusa. Yaya Sani ya ce, "Ummi, Hajiya ta yarda ki zauna nan wurin iyayenki ki yi karatu. Me kika ce?"

Na matso bakin ƙofa.

"Baba, ni dai zan bi Mama," ta ce a hankali. "Ba mai ɗiga mata maganin ido in ba ni. Kuma gidan nan ɗakuna biyu ne, sun riga sun saba yadda suke."

Yaya Sani ya lallaɓa, Malam ya yi gyaran murya ya ce za a canza gida, ta ce a yi haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta dubi ƙofar kicin ba. Hajiya ta ce ba za a yi mata dole ba, aka shafa fatiha.

Ana gobe za su tafi ina ɗaure wa Hajiya kaya a ɗaki, mu biyu kawai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wai me ya faru a dutsen nan?" Wannan karon ban ɓoye ba, na faɗa mata tun daga ofishin Kak Zaiton har zuwa aiken Walid. Ta riƙe haɓa.

"Ni kika ji wa kunya? Ni da ban san me matar ke cewa ba? Haba 'yar nan. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Mu da muka yi kunyar, a gida ɗaya muke da 'ya'yan, suna ganin wanda ke ajiye musu ƙanzo. Ke da ke bayan teku, da me za ta gane?"

Hawaye kawai nake yi a kan akwatin. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta jawo mayafinta ta ce in wanke fuska in raka ta titin yadin nan kafin a rufe kantuna, farin yadi take so da shuɗi, masu ɗan kauri.

Na ce, "Hajiya ai an sayi na tsaraba, akwatin ma ba wuri."

"Ba tsaraba ba ne, kayan makarantarta za a ɗinka," in ji ta. "Ana saura kwana biyu mu taho ta kwashe nata kaf, da hijabai da takalmin da jakar littattafan, ta kai wa 'yar maƙwabtanmu. Har kazarta ta bayar. Na ce ke lafiya? Ta ce min ai ita in ta je wurin Anti ba dawowa za ta yi ba."